Kankanar Ranar Talata

Sufeton makarantu ya shigo ajin ne ana tsakiyar yanka kankana. Da ya zo minti goma sha biyar kafin nan, da wannan labarin bai samu ba. To amma yaushe rabon duniya da ganin mutumin ofis ya iso wuri a kan kari?

Ya tarar da Malama tsaye gaban allo, wuƙa a hannun dama, rabin kankana a hagu, tana gaya wa 'yan aji huɗu na sakandare su arba'in da biyu cewa haka ƙwayar zarra take.

"Ku dube ta da kyau. Teburin nan, iskar da kuke shaƙa, ku kanku, duk da irin wannan ƙwayar aka gina ku, sai dai ta yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinta. Jan naman nan laushi gare shi, ko'ina ɗaya. Baƙaƙen 'ya'yan da ke barbaje a ciki su ne ƙwayoyin lantarki. Ku zana, ku rubuta a ƙasa: wannan ita ce zarra."

Monitar ajin, wata doguwar yarinya da bakinta ba ya zama shiru, ta ɗaga hannu. "Malama, yanzu dai ita ce ta gaskiyar?"

"Kin ga wata ne da ta fi ta?"

"A'a."

"To zana."

Sufeto ya zauna a benci na ƙarshe, ya cire murfin bironsa, ya yi rubutu layi huɗu, ya leƙa littattafan yara biyu, ya mayar da murfi. Kafin a kaɗa ƙararrawa har ƙarar motarsa ta ɓace.

Abin da bai sani ba, kuma bai tsaya tambaya ba, shi ne Malama ba ta koyar da zarra yadda littafi ya jera ta a shafi ɗaya. Mako guda take ɗauka tana bin sawun masanan da suka shuɗe, kuskure bayan kuskure. Ranar Litinin ta zo da ƙwallon katako ta ce zarra dunƙule ce, ba ta fasuwa, kamar yadda aka ɗauka shekara ɗari biyu da suka wuce. Ranar Talata da farkon darasi ta sa kowa ya goga bironsa a riga ya ɗauki guntayen takarda da shi, har sai da Monita ta miƙe ta ce, "Malama, ba haka ba ne! In dunƙule ce, me ke fita daga cikinta yana jan takarda?" Sai a sannan aka fito da kankana. Ita ma kankanar kwana ɗaya za ta yi, a kashe ta ranar Laraba. Doka ɗaya ce a wasan: Malama ba ta taɓa warware ƙaryarta da bakinta. Sai ɗalibi ya gani da idonsa, ya miƙe, ya ƙaryata ta. Duk wanda ya matsa mata da tambaya, amsarta ɗaya ce, shi ya sa yara suke ce mata Malama Sai-Gobe.

Ba a kwaleji ta koyo wannan ba. Shekara goma sha huɗu ta yi tana sharar ɗakin gwaje-gwaje na wannan makarantar, tana wanke kwalabe, tana sauraron wani tsohon malami ta ƙofar sito yana yi wa yara wannan ƙaryar mai amfani. Bayan ya rasu ta yi karatun ƙarshen mako shekara biyar, ta fito da takardar koyarwa tana da shekara arba'in da ɗaya. Aka ba ta alli a kan gwaji na shekara biyu. Rahoton wannan sufeton shi ne na ƙarshe. In ya ce ta iya, an tabbatar da ita. In ya ce ba ta iya ba, tsintsiyarta na nan jingine a kusurwar ɗakin, ba wanda ya ɗauke ta.

Da aka tashi tara, shugaban makaranta ya aiko kiranta. Mutum ne mai son zaman lafiya da kowa, musamman wanda ke sama da shi. Ya karanta mata abin da sufeto ya bari ba tare da ya ɗago kai ba: malamar tana koyar da ra'ayin da ya mutu sama da shekara ɗari, a matsayin gaskiya, kuma littattafan yara shaida ne.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ka san yadda nake yi. Ka taɓa zama a ajina."

"Na sani, Malama. Shi ne bai sani ba."

"To ka gaya masa."

"In gaya wa sufeto bai fahimci abin da ya gani ba?" Ya yi wata 'yar dariya maras daɗi. "Rahoton zai wuce sama ranar Juma'a da sha biyu. Shawarata, ki shiga aji gobe ki goge kankanar nan, ki rubuta musu abin da ke littafi, mu roƙi Allah."

Tagar ofishin a buɗe take, kuma a bayanta famfon da yara ke shan ruwa yake. Daga ita har shugaban ba wanda ya tuna da haka.

Daga makaranta garejin mijinta ta wuce. Ta same shi kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafu kawai a waje. Shi ne ke tara mata 'ya'yan boris, ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan masu santsi, a gwangwanin madara, don darasin Laraba. Da ya ji muryarta ya zamo waje, ya ga fuskarta, ya ajiye sifana.

"Maman 'yan biyu, wa ya mutu?"

Ta gaya masa. Ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana gogewa.

"Ni fa tun tuni nake ce miki ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji shi, yana neman ya sa ta dariya. Da ya ga ba wurin dariya ba ne sai ya sauke murya. "Ki je ki same shi. Zuwa da kai ya fi aike. Ko mai mota ya ce na ɓata masa inji, ba na musu da shi, cewa nake ya tsaya a tayar a gabansa."

"In na yi darasin gobe ba ya nan, me zan tayar a gabansa?"

"To kada ki yi."

Haka ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar Laraba ta cika wa yaran allo da lissafi, ta bar su da kankana a kai, ta fita. Wannan ya fi komai cin ranta. Ƙaryar kwana ɗaya darasi ce. Ta kwana uku kuwa, ita kanta ba ta san sunan da za ta ba ta ba.

Ofishin ilimi bene ne mai hawa uku, kuma an gina shi ne musamman don kada mai nema ya sami wanda yake nema. A hawa na ɗaya masinja ya ce sufetoci suna sama. A sama wata sakatariya mai yankan farce ta ce sun koma ƙasa tun bara. A ƙasa ta sami ƙofar, a kulle, an manna takarda cewa ana taro. Ta zauna a benci tun hantsi har la'asar, jakarta a cinya, tana miƙewa duk sanda ta ji takun takalmi. Da aka zo rufe gini mai gadi ya ji tausayinta.

"'Yata, wanda kike jira ba ya zaman ofis Laraba da Alhamis. Yana zagayen makarantu."

"Waɗanne, Baba?"

"Wannan kuma sai direbansa."

Ranar Alhamis ta bi makarantu uku. A ta farko aka ce yanzu ya fita. A ta biyu aka ce ba a ma san da zuwansa ba. Igiyar takalminta ta tsinke a bakin titi, ta ɗaure da leda, ta ci gaba. Tana tafe tana tsara maganar da za ta yi masa, tana rushewa, tana sake tsarawa, wani lokaci a fili, har masu wucewa na waiwayenta. Tsoro take ji, tsoro sosai. Ba sharar take gudu ba, ta yi ta shekara goma sha huɗu ba ta mutu ba. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta tsaya a ƙofar sito da tsumma a hannu tana jin wani yana karanta wa yaranta shafi na tamanin da huɗu da muryar mai jin barci.

A makaranta ta uku ta hango motar tana shirin fita. Ta sha gabanta. Direba ya taka birki ya zazzaga mata abin da ya sawwaƙa. Sufeto ya sauke gilashi.

"Yallaɓai, ni ce mai kankana."

"Na gane ki."

Duk maganar da ta tsara ta watse. Ta riƙe ƙofar motar da hannu biyu ta yi ta zuba: ƙwallon katako, biro da takarda, tsohon malamin, dokar wasan. Ta ce masanan nan ba wawaye ba ne, kowannensu ya faɗi iyakar abin da idonsa ya kai, na bayansa ya zo ya gwada ya ce ba haka ba ne. Ta ce yaron da aka miƙa wa amsar ƙarshe zai haddace ta ya manta, amma wanda ya kashe kankana da hannunsa har ya tsufa yana tunawa.

Sufeto ba mugu ba ne. Mutum ne dai da aka yi wa ƙarya a makarantu ɗari har kunnensa ya yi kanta.

"Malama, duk wanda na kama da kuskure, washegari sai ya zo min da labari mai daɗi. Littafi ba ya wuyar buɗewa a kwana biyu."

"Ba ni zan faɗa ba, yallaɓai. Yaran ne za su faɗa, da kansu."

"Ba tare da kin saka musu a baki ba?"

"Wallahi ko kalma."

Ya dubi agogonsa, ya dubi ledar da ke ƙafarta. "Gobe ƙarfe tara. Minti ashirin. In kin shirya su zan gane, na shekara talatin ina ganin yaran da aka shirya. In ke kika faɗa da bakinki, abin da na rubuta ya zauna."

Ta cika alkawari. Ba ta ce wa yaran komai ba.

Ranar Juma'a aka ture tebura gefe a ɗakin gwaje-gwaje. A tsakiyar siminti ta ɗora wani faffaɗan falanki a kan bulo huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, da 'yar rata a ƙasa wadda ido ba ya shiga sai ka kwanta. Tun da sassafe ta ɓoye wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi a tsakiyar ƙarƙashinsa. Yara suka yi layi a gefe ɗaya, kowa da 'ya'yan boris a hannu. Sufeto ya zauna kusa da ƙofa, biro a buɗe.

"Sama da shekara ɗari da suka wuce," in ji Malama, "wasu masana suka buge zinariya har ta fi takarda siranta, suka yi ta harbin ta da wasu ƙananan ƙwayoyi masu gudu. Falankin nan shi ne zarrarmu. Ba a ɗaga shi, don su ma ba su da halin ɗaga tasu. In zarra kankana ce, laushi ko'ina, me zai sami abin da aka harba?"

"Zai wuce!" ajin ya amsa baki ɗaya.

"Duka?"

"Duka!"

"To ku gangara."

Ƙwallayen suka fara shiga. Ɗaya, biyu, bakwai, goma, duk suna fita ta ɗaya gefen suna bugun bango. Sai aka ji ƙas! Ɗaya ya dawo da baya a guje. Malama ta ja numfashi. Nan ne wurin. Duk shekara a nan aji ke fashewa da ihu.

Ba wanda ya yi ko tari. Ƙwallon kuma ya ɓace.

"Me kuka ji?"

"Ba komai, Malama," in ji Monita, idonta a kan allo.

"Ku ci gaba."

Aka ci gaba. Wani ya goce gefe, wata yarinya ta tare shi da siket kamar tana gyara zama. Ƙas! Wani ya sake dawowa, ya sake ɓacewa a tsakanin ƙafafu. Fuskoki arba'in da biyu a shafe, kamar an goge su da dasta.

"Ke," Malama ta nuna wata, "duka sun wuce?"

Yarinyar ta ƙame. "Duka sun wuce, Malama. Zarra kamar kankana take. Namanta laushi gare shi ko'ina ɗaya, ƙwayoyin lantarki suna barbaje a ciki."

"Kamar yadda Malama ta koya mana," wani ya ƙara daga baya, da ƙarfi, yana hararar sufeto. "Kuma Malama ba ta kuskure."

A nan ta gane. Tagar ofis, famfo. Sun ji an ce za a kori Malama saboda ta koyar da abin da ba daidai ba, suka haɗa kai, suka yi rantsuwa cewa ko za a yanka su ba za su ce ta yi kuskure a gaban baƙon nan ba. Kwana biyun da ta yi tana yawon tituna, su sun yi shi ne suna haddace kankana. Garin neman gira za su tsone mata ido, kuma saboda ƙauna. Ta ji kamar ta rungume su, ta ji kamar ta zane su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku duba da kyau," ta ce. "Don Allah ku duba. Ku faɗi abin da idonku ya gani, ba abin da na ce ba."

"Abin da kika ce muka gani, Malama."

"Monita. Ke da ba a rufe baki da ke. Ba ki da tambaya?"

"Babu, Malama."

Kalmomin suna kan harshenta. Jimla ɗaya ce: akwai abu mai tauri a tsakiya. In ta faɗa ta faɗi, in ta yi shiru ta faɗi. Ta dubi yaran tana roƙonsu da ido, su kuma suna mayar mata da kallon nan na kada ki damu, muna bayanki. Gwangwanin ya ƙare.

Sufeto ya mayar da murfin bironsa. A cikin shirun nan kowa ya ji ƙarar.

"Na ga yaran da aka shirya da yawa," ya ce, yana miƙewa, "amma ban taɓa ganin waɗanda aka shirya a kan kuskure haka ba. Allah ya ba da haƙuri, Malama."

Ba abin da ya rage. 'Ya'yan boris sun watsu ko'ina a siminti, wani zai iya takawa ya faɗi, kuma jikinta ya san abin da ake yi da irin wannan tun kafin kanta ya yi tunani. Ta nufi kusurwa, ta ɗauko tsintsiya, ta buga gindinta a tafin hannu sau biyu yadda ta saba, ta sunkuya ta fara shara.

Yawancin yaran ba su taɓa ganinta a sunkuye ba. Suka riƙa ja da baya suna ba ta hanya. Ta share bakin bango, ta share gefen falanki, ƙwallayen na gangarawa gabanta suna ƙara, har ta iso gaban wasu takalma biyu da suka ƙi motsi.

"Ɗaga ƙafarki in share," ta ce, ba ta ɗago ba.

Takalman ba su motsa ba.

"Ɗaga mana, 'yata. Aikina ne."

Monita ta ɗaga ƙafar dama. Ƙwallo ɗaya ya gangaro. Ta ɗaga ta hagu, ga wani. Sai kuka ya ƙwace mata, irin mai fitowa da majina da komai.

"Sun dawo, Malama! Biyu sun dawo, ɗaya ya goce, ni na take su! In kankana ce me zai dawo da ƙarfe? Akwai wani abu a tsakiya, ƙarami, mai tauri, sauran wurin duk fili ne, shi ya sa saura suka wuce. Tun na farko na gani!" Ta buga ƙafa a ƙasa. "Ba haka ba ne, Malama! Ƙarya kika yi mana ranar Talata! Shi ke nan na faɗa, sai su kore ki!"

Ajin ya ɓarke. Wannan na cewa shi ma ya ji ƙarar, waccan na zaro ƙwallo daga siket, wani na zagin Monita maciya amana, wasu biyu har sun fara musu a kan girman abin da ke ƙarƙashin falankin, ɗaya na cewa in da babba ne ai da rabi sun dawo.

Sufeto yana bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi. Sannan ya dawo a hankali, ya tattare wandonsa, ya durƙusa, ya kama gefen falankin.

"Ba a ɗagawa, yallaɓai," in ji Monita cikin shessheƙa.

Ya saki. Ya tsinci ƙwallo ɗaya a ƙasa, ya juya shi a tafin hannu.

"To wannan mai tauri a tsakiya," ya tambayi yarinyar, "ita ce ta gaskiyar?"

Monita ta goge hanci da bayan hannu. "Ban sani ba, yallaɓai. Ba mu gwada ta ba tukuna."

Ya koma kujerarsa ya zauna. Ya dubi agogo, ya cire shi gaba ɗaya ya sa a aljihu, ya buɗe sabon shafi.

Malama na nan tsaye a tsakiyar ɗakin, hawaye na bin fuskarta, ta rasa inda za ta sa abin da ke hannunta. Monita ta zo ta zare tsintsiyar, ta mayar da ita kusurwa, ta ɗauko alli a kan tebur ta danƙa mata.